Shekarar Da Aka Kashe Laraba

Jikata ce ta ja ni taron ƙarshen shekara na makarantarsu, nan cikin unguwar Dogo Tebo a Potiskum. Muka shiga keke mai ƙafa uku, tana rungume da baƙar riga da hula mai tuntu irin ta masu gama jami'a, ita kuwa aji ukun ƙaramar sakandare ta gama. An kafa rumfuna, an ɗaura balan-balan, lasifika tana ƙara har haƙorana suna amsawa. Shugabar makarantar ta miƙe ta karanta nasarorin bana da abin da suke son gyarawa baɗi, ana tafi bayan kowace magana. Da ta zo inda ta ce bana babu yaron da ke fashi, kowa yana zuwa kullum, sai na tuna baya. Na taɓa jin wannan magana a wani taro irin wannan ina saurayi. Da bakina ma ta fita, domin ni ne tafinta a ranar.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Barno ba. Ni sabon malami ne, ina koyar da labarin ƙasa a wata ƙaramar sakandare da ke bakin gari. Makarantar ba ta da katanga, awaki suna shiga su leƙa aji su fita. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a jikin maina, itacen da dangin ubana na Kano suke kira darbejiya, in aka buga ta har cikin unguwa ana ji. Abin da kunnena ya fi riƙewa shi ne sautin safiya: tsintsiyoyin 'yan mata suna jan ƙasa gaba ɗaya, guga tana faɗawa rijiya, maza suna daka baƙin tsohon batir da ganye su shafe allo ya yi baƙi wuluk. Da an fita tara kuma sai filin ya cika da harsuna. Nan ana faɗa da Ngizimanci, can ana ciniki da mai ƙosai da Hausa, wasu suna dariya da Bolanci ko Karekare, wani yana kiran ƙanensa da Fillanci. Ni uwata Babarbariya ce, na tashi cikin maƙwabta Ngizimawa, na kuma tsinci Fillanci a kasuwar shanu, saboda haka duk uban da ya zo da ƙorafi sai a ce a kira ni. Yaran yanzu ba sa shara, an ɗauki masu yi musu, kuma harshe biyu kawai na ji a filin makarantar jikata.

Wanda bai zauna Potiskum ba ba zai gane mece ce Laraba ba. Tun yammacin Talata shanu suke shigowa ta kowace hanya, kukansu ya cika gari, tireloli su yi layi suna jiran lodin Kudu. Ranar Laraba kuwa duk gidan da ke cin abinci daga kara, wato kasuwar shanu, yana can har da yaransa. Wani yana riƙe wa ubansa igiya, wata tana taya uwarta tuƙa tuwo, wani yana sayar da ruwa ko dusa. In ka shiga aji sai ka tarar da rabin bencina babu kowa.

Tsohon Firinsifal ɗinmu, Malam Bukar, ya daɗe da yin sulhu da wannan rana. Yakan ce, "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da tukunyar gidansu take kara, ba za ka hana shi kara ba." Abin da ya tsara shi ne ramuwa. Duk wanda ya yi fashin Laraba zai zo da safiyar Asabar, a zauna ƙarƙashin maina, a maimaita masa abin da ya wuce shi. Malamai muna karɓa-karɓa, shi kuwa ba ya fashi. Babu takardar ma'aikata da ta san da wannan Asabar. Yara suna ce mata ramakon Laraba, iyaye kuma suna aiko da gyaɗa ko nono, a ci a tashi. A taron ƙarshen shekara Malam Bukar ba ya riƙe takarda. Sai ya nuna yaro ya ce wane ya shigo ba ya iya haɗa jimla, yau ga shi yana rubuta wa kakarsa wasiƙa, wance ta shigo tana tsoron lissafi, yau ita ke koya wa maza. In ya zo kan gyaran baɗi, abu guda yake faɗa, ko rijiya ko rufi, ya ce wanda ya ɗauki kaya biyu a kai ɗaya zai zubar.

Daga baya na yi yawo, na ga makarantu a ƙasashe da yawa. Na ga wani ƙauye a Nijar inda malami yake sallamar yara da hantsi ranar kasuwarsu ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Na ga 'ya'yan makiyaya a arewacin Kamaru suna karatu da rana tsaka, lokacin da shanu suke kwance. A ƙasar Yarabawa na ga yarinya tana aikin gida a kan buhun barkono a rumfar uwarta. Ko'ina makaranta da kasuwa sun san juna, kamar maƙwabtan da ba sa shiri amma rijiyarsu ɗaya. Wuri guda na ga makaranta ta ɗaura wa kasuwa yaƙi, shi ne garinmu, a shekarar da Malam Bukar ya yi ritaya ya koma Damagum.

Wanda ya gaje shi, Malam Kabiru, ba mugu ba ne, kuma ba zan bari a ce na ce haka ba. Matashi ne mai ƙwazo, yana riga kowa zuwa, yana barin makaranta bayan kowa. A taron safe na farko ya tsaya da takarda ya karanta abubuwan da yake son cimmawa kafin shekara ta ƙare. Zai gyara rufin da iska ta yaye, zai samo bencina, zai kai makarantar gasa a Damaturu. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce zai kashe Laraba. Asabar kuma an soke ta, tunda doka ba ta san ta ba. Wasu malamai suka ji daɗi, domin sun samu safiyar zuwa gona.

Ya yi rufin, ya kawo bencinan. Gasar kuwa wani yaro ɗan aji biyu ne ya ciwo mana ita, Lawan sunansa, siriri mai dogon wuya, wanda yake gama lissafi a ka kafin ka gama rubuta shi a allo. Ya dawo daga Damaturu da kofi, aka zagaya da shi aji-aji, aka ajiye a ofishin Firinsifal. Lawan kuwa yana cikin waɗanda ba a taɓa gani ranar Laraba ba. Ubansa, Baba Gimba, dillalin shanu ne da idonsa ya mutu, Lawan shi ne ɗansa namiji kaɗai, shi ne kuma idonsa a kara.

A zango na biyu aka kafa doka cewa duk wanda ya ci gaba da fashin Laraba za a soke sunansa daga rajista. Da aka tashi a wata Laraba na hau kekena na nufi kara. Na tarar da Baba Gimba ya dafa wani farin bijimi, yana shafa tozo, yana gangarowa haƙarƙari, yana matsa gindin wutsiya. Lawan yana gefensa riƙe da sandarsa, yana raɗa masa abin da hannu ba ya gani, ko hancin san yana yoyo, ko idonsa ya yi ja, da yadda fuskar mai saye ta canza.

"Baba, ga Malam," in ji Lawan.

"Wane Malam? Mai zana duniya a allo?" Ya miƙo hannu. "Ka zo sayen sa ko ka zo kallo? Na ji an ce albashinku ko wutsiya ba ya saye."

"Kallo na zo, Baba, da kuma magana."

Na gaya masa dokar. Ya bar hannunsa a kan bijimin.

"Malam Bukar ya san da wannan?"

"Malam Bukar yana Damagum yana noman gyaɗa."

"To a aika a gaya masa an shiga gonarsa ta nan." Ya juyo da fuskarsa inda nake. "Ɗana, layya ta gabato. Kasuwannin nan su ne abincin gidana na shekara. Ka ce wa Firinsifal ya yi mini haƙuri zuwa bayan Salla, in nemo wanda zai ja ni. Ai yaron ya kawo masa kofi."

Washegari na kai saƙon. Malam Kabiru ya saurare ni har na gama, kofin yana bayansa a kan kabad. Ya ce, "Malam, in na ɗaga wa mai kofi ƙafa, me zan ce wa 'yar mai kunu? Na san da zafi. Amma wanzami ma sai ya fitar da jini kafin a samu lafiya." Na juya na fita, domin a fuska maganarsa adalci ce. Kafin Salla aka soke sunan Lawan tare da na wasu da yawa. Ajina ya yi fili, har yaro yana samun benci shi kaɗai.

Abin da Baba Gimba ya yi bayan Salla shi ne farkon abin da ya girgiza ni. Bai nemi mai jan sa ba. Kasuwar ya bari baki ɗaya, kasuwar da ya shiga tun kafin ya yi gemu. Kowace Laraba sai ya sa rigarsa ta Juma'a, wadda aka buga ta sha sitati, a kawo shi bakin makaranta ya zauna a gindin maina. Ya san ƙarar babur ɗin Firinsifal. Da ya ji ta sai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ni. Na bar musu kasuwar. A mayar da yaron." Malam Kabiru yakan tsaya ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, a bari sai sabuwar shekara mu duba." Gida kuwa ba ya jiran sabuwar shekara. Da hatsi ya ƙare, Lawan ya samu aikin rakiyar shanu zuwa Kudu, irin yaran da suke zama a kan katakon saman tirela, in sa ya faɗi su sauka cikin ƙahoni su tashe shi. Tsohon bai fasa zuwa ba. Muna cikin aji muna hango farar rigarsa.

Da shekara ta zo ƙarshe Firinsifal ya sanar cewa ranar Laraba za a yi taron rabon kyaututtuka. Wata dattijuwar malama da muke kira Ya Fati ta ce, "Ranka ya daɗe, a garin nan ko ɗaurin aure ba a sawa ranar Laraba." Ya ce ai dalilin ke nan. Babban baƙo zai zo daga ma'aikatar ilimi, yana so ya gani da idonsa yara sun cika makaranta a ranar da a da ba sa zuwa.

Yaran sun zo, sun yi layi cikin wankakkun kaya. Iyaye ne ba su zo ba, suna kara. Aka jera kujerun haya ƙarƙashin rumfa, rana ta ɗaga, kujerun suna kallonmu. Da aka ce motar baƙo ta wuce Damagum, hankalin Firinsifal ya tashi, ya ce wa masinja ya cika kujerun nan da duk wanda ya samu. Masinja ya shiga unguwa ya kwaso tsofaffi da mata masu goyo, ya tattaro masu ƙosai da masu rake na bakin hanya. Ya ga dattijo da babbar riga a gindin maina, ya ce wannan ai na sahun gaba ne, ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da mai unguwa. Firinsifal yana can yana tarar baƙo, bai gani ba sai da ya hau mumbari. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan farar rigar. Ya gyara takardarsa ya fara.

Da Turanci yake karantawa, ni ina gefe ina mayarwa da Hausa, in na ga fuskar wata tsohuwa ba ta gane ba in ƙara mata da Barbarci ko Ngizimanci. An gyara rufi, aka yi tafi. An samo bencina, aka yi tafi. Makarantarmu ta ciwo kofi a Damaturu. Bai ambaci suna ba, ni ma ban ambata ba, amma Baba Gimba ya jingine sandarsa a kafaɗa ya yi ta tafi bayan kowa ya daina. Sannan aka zo babbar nasara. A zangon ƙarshe, in ji takardar, babu ɗalibin da ya yi fashin Laraba ko ɗaya. Na faɗe ta da Hausa yadda take. Gaskiya ce, babu ƙarya a ciki ko kaɗan, kuma sai da ta fita daga bakina na ji nauyinta. Masu fashin ai ba ɗalibai ba ne yanzu.

Baƙon ya miƙe cikin fara'a, ya ce shi da Hausa zai yi magana. Ya ce yana wurin ranar gasar, kuma bai manta da wani siririn yaro ba, wanda yake ba da amsa kafin mai tambaya ya rufe baki. "Ina yake? Ya fito in gaisa da shi a gaban iyayensa."

Ba wanda ya motsa. Muna jiyo kukan shanu daga kara da hon ɗin tirela. Yara suka sunkuyar da kai. Firinsifal ya zuba wa takardarsa ido kamar amsar tana ciki. Sai Baba Gimba ya dafa sanda ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ne ubansa. Yana kan tirela. Ya tafi Kudu da lodin makon jiya, bai dawo ba tukuna."

"Tirela? Ba ɗalibinku ba ne?" Baƙon ya juya wajen Firinsifal.

Malam Kabiru ya matsa kusa ya yi bayani da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. Mutane suka juyo suna kallona, suna jiran tafinta. Na buɗe baki, a cikin harsunan da nake ji na rasa wanda zan ɗauko. Ashe ba a buƙatata. Mai ƙosan da aka kwaso daga bakin hanya ta ce daga can bayan rumfa, "Tawa ma an kore ta." Wata tsohuwa ta ce jikanta ma. Wani mai rake ya ce nasa biyu ne. Ba da faɗa suke yi ba, kamar masu amsa kiran suna suke yi, ɗaya bayan ɗaya. Masinja ya cika rumfar da iyayen yaran da aka soke, su ne suka zauna a rana suka tafa wa rufi da bencina.

Baba Gimba ya ce yana da roƙo ɗaya, a ba shi kofin ya taɓa, tunda labarinsa kawai yake ji. Ya Fati ta ɗauko ta sa masa a hannu. Ya shafa shi tun daga baki har gindi, a hankali, yadda yake shafa sa. Ya ce, "Ashe ƙarami ne." Ya miƙa mata, ya zauna.

Akwai sauran rabin takarda, abubuwan da za a gyara baɗi, kuma Firinsifal ya karanta su har ƙarshe, ni kuma na fassara. Katanga, ɗakin karatu, ƙarin kofuna. Ba wanda ya tafa. Kafin baƙon ya shiga mota ya ba da umarni a mayar da sunan Lawan rajista. Na Lawan kaɗai ya ce, domin shi kaɗai ya sani. 'Yar mai ƙosai da sauran babu wanda ya tambayi sunayensu.

Aka aika Kudu. Lawan bai dawo ba sai da aka koma sabuwar shekara. Wata safiyar Asabar na biyo ta makaranta a keke zan je gona, sai na hango mutum zaune a gindin maina, daidai inda Malam Bukar yake shimfiɗa tabarma. Ya yi tsawo, muryarsa ta buɗe, akwai tabon ƙaho a damtsensa. Ya miƙe ya gaishe ni.

"Malam, an ce ana nemana."

"An mayar da sunanka. Ranar Litinin ka zo da kayan makaranta."

"Na sauka daga tirela," in ji shi. "Baba zai koma kara, ni zan riƙe masa sanda. In ba haka ba zaman gida zai kashe shi." Ya kalli filin da babu kowa. "An dawo da Asabar?"

"Ba a dawo da ita ba."

"Laraba fa?"

"Dokar tana nan yadda take."

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya gama lissafi tun kana rubutu. "To Malam, ai ba a ce in dawo ba."

Na ce ni zan riƙa zama da shi ranar Asabar, mun kuwa zauna 'yan makonni. Amma Laraba ba ta daina zagayowa ba, aka sake soke sunan, wanda ba shi cikin rajista kuma ba ya zama jarrabawa. Da Baba Gimba ya rasu, Lawan ya koma hanyar Kudu, ni ma tawa hanyar ta ɗauke ni. An ce mini yana da shanunsa yanzu a can, kuma duk 'ya'yansa suna karatu.

A taron jikata na zauna hannuna a kan gwiwa har aka gama tafi. A hanyar gida ta ce, "Kaka, kowa ya tafa ban da kai. Ka kunyata ni." Na tambaye ta ko duk waɗanda suka shiga aji ɗaya tare ne suka sa baƙar riga yau. Ta fara ƙirgawa da yatsu tana kiran sunaye, mai keke yana kauce wa ramuka. Da ta zo kan wata Hauwa sai ta tsaya, ta ce ita kam tun bara ba ta sake ganinta ba, kuma ba wanda ya ce musu komai.